Yadda ƙaramin gidan opera a Jamus zai shirya wasan Hänsel und Gretel

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera zantukansa da waƙa, makaɗa suna zaune a wani rami da ke gaban dandamali suna raka muryoyin 'yan wasa, kuma ba a amfani da lasifika ko na'urar ƙara murya. A Jamus akwai gidajen opera kusan 80 da gwamnatocin garuruwa da na jihohi ke ɗaukar nauyinsu, kuma yawancinsu ba a manyan birane suke ba, suna garuruwa ne irin su Coburg da Detmold, inda gidan ke da mawaƙansa da makaɗansa da kafintocinsa da telolinsa masu karɓar albashin wata. Idan watan Disamba ya kama, da wuya a sami irin wannan gida da bai taɓa saka Hänsel und Gretel a jadawalinsa ba, wato labarin wasu yara biyu 'yan gida ɗaya, Hänsel da Gretel, da suka ɓace a daji suka faɗa hannun wata mayya, har suka tura ta cikin tanderunta suka tsira. Bayanin da ke tafe domin shugaban irin wannan gida ne da ke son shirya wasan sabo fil, kuma abin da ya kamata ya fara sawa a ransa shi ne, labarin yara ne amma kiɗan na manya ne, kuma duk wanda ya ɗauke shi a matsayin wasa mai sauƙi mai araha zai ji jiki a daren farko.

Dalilin haka yana cikin tarihin wasan. Engelbert Humperdinck, wanda ya rubuta kiɗan wasan, wanda kuma aka haifa a garin Siegburg a 1854, ya yi aiki a ƙarƙashin shahararren marubucin kiɗan opera Richard Wagner a garin Bayreuth lokacin da ake shirya operarsa mai suna Parsifal, wanda aka fara nunawa a 1882. A 1890 ƙanwarsa Adelheid Wette ta roƙe shi ya sa wa wasu baitoci da ta rubuta kiɗa domin 'ya'yanta su yi wasa a gida, daga tatsuniyar da 'yan'uwa biyu masu suna Grimm suka buga a 1812. Aikin ya yi ta girma har ya zama cikakkiyar opera mai kashi uku, aka fara nuna ta a Weimar ranar 23 ga Disamba 1893, Richard Strauss ne ya jagoranci makaɗa. Humperdinck ya ɗauki waƙoƙin yara masu sauƙi ya lulluɓe su da kiɗa mai kauri irin wanda ya koya wurin maigidansa. Wannan haɗin ne ya sa wasan ya karɓu, kuma shi ne tushen kusan kowace matsala da ƙaramin gida zai fuskanta.

Saboda haka aikin yana farawa ne daga ramin makaɗa, tun kafin a yi maganar kayan ado. Humperdinck ya rubuta kiɗan ne ga masu busa kayan katako guda tara, ƙahonni huɗu, kakaki biyu, turambon uku da tuba ɗaya (manyan kayan busa na tagulla), tambura da sauran kayan bugu, hap (babban abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa), da tarin masu goge manya da ƙanana. Shugaban makaɗan gidan ya kamata ya sauka cikin ramin da kansa ya ƙirga kujerun da zai iya ɗauka, yana la'akari da cewa mai goge yana buƙatar filin da zai ja hannunsa, kuma wanda ke zaune gaban masu kakaki yana buƙatar kariya ga kunnuwansa. Idan ramin bai isa ba, hanya biyu ce. Ko dai a rage yawan masu goge a bar masu busa yadda suke, wanda zai sa ƙarar kayan busa na tagulla ta danne komai, ko kuma a yi amfani da ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka sake rubutawa domin ƙaramar ƙungiya. A ganina ta biyun ta fi gaskiya, domin kiɗan da aka rage da tunani ya fi wanda aka bari da nauyinsa amma ƙafa ɗaya ta gaje. Sai dai a lura da kuɗi a nan: Humperdinck ya rasu a 1921, 'yar'uwarsa kuma a 1916, don haka haƙƙin mallakar ainihin aikin ya daɗe da ƙarewa bisa dokar shekara 70 bayan mutuwa, amma tsarin da wani ya sake rubutawa a zamanin nan yana da mai shi, kuma takardun kiɗan da za a ɗora gaban makaɗa galibi hayarsu ake yi daga kamfanin ɗab'i.

Bayan an san girman kiɗan, sai zaɓen muryoyi, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Gretel mace ce mai muryar sofrano, wato mafi siririyar muryar mata, Hänsel kuma, duk da cewa yaro ne namiji, mace ce mai muryar mezo-sofrano, wadda ta ɗan fi sofrano kauri, ke fitowa a matsayinsa cikin gajeren wando. Su biyun suna kan dandamali a mafi yawan wasan, suna rawa, suna guje-guje, suna kwanciya a ƙasa, kuma duk da haka dole muryarsu ta ratsa makaɗa ta isa kujerar ƙarshe. Abin da ke jan hankalin darakta shi ne ya ɗauki mafi ƙanƙantar jiki da ƙuruciya a cikin mawaƙan gidan domin su yi kama da yara. Idan muryarsu ba ta da ƙarfi a tsakiya, inda yawancin waƙar take, masu kallo za su ga baki yana motsi ba su ji komai ba. Gara a ɗauki wadda ta ɗan manyanta mai cikakkiyar murya, a bar wa masu kwalliya da sutura aikin mayar da ita yarinya. Uban yaran, Peter mai yin tsintsiya, baritun ne, wato namiji mai matsakaiciyar murya, kuma tun yana bayan fage ake fara jin waƙarsa kafin ya shigo, don haka sai an gwada inda zai tsaya. Uwar, Gertrud, fitowarta gajeriya ce amma kiɗan da ke ƙarƙashinta yana da nauyi ƙwarai, bai kamata a ba wa wadda muryarta ta gaji ba don kawai rawar ba ta da tsawo.

Mayya ita ce shawarar da gidan zai fi jayayya a kanta. An rubuta ta ne ga mezo-sofrano, amma gidaje da yawa suna ba wa namiji mai muryar teno, wato siririyar muryar maza, wanda ke sa siket yana ba da dariya. Wannan yana sa yara shewa, sai dai yana iya cire tsoron da kashi na uku ke buƙata, domin mayyar da ba ta firgita kowa ba, jefa ta cikin tanderu ba nasara ba ce. Wasu gidajen kuma sukan ba mace ɗaya rawar uwa da ta mayya, abin da ke rage albashi ɗaya amma yana sauya ma'anar labarin baki ɗaya, don haka kada a yi shi saboda tsimi kawai. Ƙananan rawa biyu, wato ɗan tsohon da ke zuba wa yara yashi a ido su yi barci da aljanar raɓa da ke tashe su da safe, ana iya ba wa matashiya ɗaya duka biyun.

Darakta da mai tsara dandamali su zauna da rubutun Adelheid Wette, ba da tatsuniyar da suka sani tun suna yara ba, domin akwai bambanci. A wajen Grimm, da gangan aka kai yaran daji aka yar. A cikin operar kuwa, uwa ce ta dawo gida a gajiye ta tarar yaran sun bar aiki suna rawa, garin bin su da duka ta ture tulun madarar da shi kaɗai ne abincin daren, cikin fushi ta kore su daji su tsinko 'ya'yan itace. Idan ta zauna ita kaɗai tana kallon fasasshen tulun, tana roƙon Allah ya kawo abin da za ta ciyar da su, nan ne zuciyar kashi na farko take. Yunwa ce ke tafiyar da labarin, ita ce ta sa yaran suka cinye abin da suka tsinko, ita ce ta sa suka fara ɓantarar gidan mayya da aka gina da burodi mai zaƙi. Ɗakin iyayen ya zama fayau, tukunya a wofi, domin idan aka ƙawata shi ya yi kyau, gidan mayya ba zai zama abin mamaki ba. Tulun kansa ƙaramin aiki ne mai cin rai: dole ya fashe kowane dare a daidai bugun kiɗan, ba tare da ya bar tsinin da zai yanki ƙafar mai rawa ba, kuma masu kula da kayan wasa su tanadi isassu har ƙarshen kakar wasannin.

Watanni da yawa kafin a fara atisaye ake yin abin da ma'aikata ke kira Bauprobe, inda ake kafa kwatankwacin ginin da katako da yadi a kan ainihin dandamalin domin a ga ko na kujerun gefe da na bene za su iya gani, kuma ko mawaƙa za su hango sandar jagoran makaɗa. A nan ne za a warware sauye-sauyen fage. Tsakanin kashi na farko da na biyu akwai kiɗan da ke kwatanta sukuwar mayu, kuma tsawonsa shi ne iyakar lokacin da ma'aikata ke da shi na mayar da ɗaki daji, domin al'ada ita ce a tafi hutu bayan kashi na biyu. Gidan da ke yawo da wasanninsa zuwa garuruwan makwabta, kamar yadda na Detmold ke yi, sai ya ƙara auna ko dajin zai shiga mota, kuma ko zai zauna a kan dandamalin da ya fi nasa ƙanƙanta.

Ƙarshen kashi na biyu yana buƙatar haƙuri. Yaran sun ɓace, sun yi addu'ar dare, wadda karinta shi ne ƙahonni huɗu ke buɗe wasan da shi tun farko, sannan suka yi barci, mala'iku goma sha huɗu suka sauko suka kewaye su. Mintuna da dama ne na kiɗa ba tare da kalma ɗaya ba, kuma darakta ne zai cika su. Kuskuren da aka saba shi ne a fito da komai a minti na farko, sai kiɗan ya kai ƙololuwarsa alhali ba abin da ya rage a nuna. A tsara fitowar da agogo a hannu, haske yana ƙaruwa sannu a hankali.

Yara na gaske suna shigowa ne a ƙarshe, lokacin da waɗanda mayya ta mayar burodi suka farfaɗo. Dokar kare matasa a wurin aiki ta Jamus ta ce sai an nemi izinin hukuma kafin yaro ya hau dandamali, da yardar iyaye a rubuce, kuma yaron da ya haura shekara shida ba zai wuce awa huɗu a rana ba, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 11 na dare. Saboda wasan yana yawan maimaituwa a Disamba, lokacin mura da tari, ya kamata a horar da rukuni biyu, a kuma ɗauki mai kula da su a bayan fage, domin za su shafe fiye da awa ɗaya suna jira.

Tanderun da ke fashewa bayan an tura mayya ciki aikin mai lasisin sarrafa wuta ne, kuma sai hukumar kashe gobara ta amince. Gidajen wasa na ƙasashen da ke magana da Jamusanci ba sa wasa da wannan tun gobarar gidan wasa na Ringtheater a Biyana, babban birnin Austriya, a Disamba 1881, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka, kuma bayanta ne labulen ƙarfe tsakanin dandamali da masu kallo ya zama tilas. Hayaƙin ma a gwada shi da mawaƙa a wurin, domin wanda ya sauka cikin ramin makaɗa ko ya shaƙe Gretel kafin waƙar murna ya ɓata fagen.

Atisayen fage yakan ɗauki kimanin mako shida, da fiyano kaɗai, a ɗakin gwaji. Daga nan sai Sitzprobe, ranar farko da mawaƙa ke haɗuwa da makaɗa a zaune ba tare da motsi ba, sannan gwaje-gwajen dandamali da cikakken kiɗa, har zuwa Generalprobe, gwajin ƙarshe da ake yi tamkar daren farko. A kowane gwajin dandamali, mataimakin jagoran makaɗa ya zauna a wurare daban-daban na zauren da takarda a hannu, yana rubuta kowane layi da kalmomi suka nutse. Maganin ba ya wuce a rubuta wa masu busa su sassauta, a matso da mawaƙa gaba, ko a sa bango mai tauri a bayansu da zai turo muryar waje. Ko da Jamusanci ake rerawa ga Jamusawa, saka rubutun kalmomin a saman dandamali yana taimakawa, amma ƙananan yara ba sa iya karanta shi da sauri, don haka ba ya maye gurbin furuci mai kyau.

Abu na ƙarshe shi ne a gina wasan domin ya daɗe. Kuɗin tikiti ƙaramin kaso ne na abin da gidajen gwamnati ke kashewa, amma wannan yana cikin wasannin da ke cika zaure, har da nunin safe na 'yan makaranta, wanda mawaƙa ba sa so saboda murya ba ta gama buɗewa da hantsi. Gidan Deutsche Oper am Rhein da ke Düsseldorf da Duisburg ya shafe fiye da shekara 50 yana maimaita tsarin da ya fara nunawa a 1969. Don haka a yi gidan mayya da kayan da za su jure kwancewa da ɗaurawa, a ɗinka suturar yara da sarari a gefe domin a iya buɗawa ko tsukewa, kuma mataimakin darakta ya rubuta kowane motsi a gefen takardar kiɗa, domin shi ne zai koya wa sababbin mawaƙa wasan a shekara mai zuwa bayan darakta ya tafi. Mai horar da yara kuma ya fara neman sababbi tun bazara, saboda wasu daga cikin samarin bana muryarsu za ta fashe kafin Disamba ta zagayo.