Yadda ake kilisa a gefen tafkunan fadama ba tare da doki ya kafe ba

Wanda ya saba kilisa a filin idi ko a bayan gari, ranar da ya fara gangarawa fadama zai tarar ƙasar ba irin wadda ya sani ba ce. Bakin tafki shimfiɗaɗɗe ne, ba hawa ba gangara, shi ya sa yake yi wa sabon mahayi daɗi. Sai dai laka mayaudariya ce: samanta ya bushe har ya tsattsage, ƙarƙashi kuwa taɓo ne da zai shanye ƙafar doki har gwiwa. Misalinmu a nan shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala su bar tafkuna kafin su zama Komadugu Yobe, amma kowace fadama haka halinta yake.

Lokaci da izini

A wannan yanki ruwa yana kaiwa maƙura a Agusta da Satumba, daga nan ya fara janyewa a hankali. Kada a yi gaggawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne ƙasa ta yi ƙwari, ƙudaje masu cizo sun ragu, ga tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai sun cika tafki. A fita bayan rana ta ɗan ɗaga, a dawo kafin ta take, ko a fita da la'asar a iso gida kafin magariba, domin ƙananan ƙwarin da ke yaɗa annobar dawaki sun fi cizo da asuba da faɗuwar rana a bakin ruwa.

Tafkin Dagona yana cikin gandun dajin Chad Basin na gwamnatin tarayya, saboda haka sai an tuntuɓi ma'aikatan gandun kafin a shiga da dabba. A sauran wurare a fara gaida mai unguwa ko bulama, a tambayi masunta da makiyaya inda ƙasa ke ɗauka. Minti biyar na wannan tambaya ya fi kowace taswira.

Doki da kayan hawa

Fadama ba wurin gwada ingarma mai zafi ba ce, musamman da yake akan ci karo da goɗiyoyi suna kiwo a sake. A zaɓi dattijon doki wanda ya san ruwa. A shayar da shi tun a gida, a ba shi harawa kaɗan, amma hatsi ko dusa a bari sai an dawo. A ɗaga ƙafafunsa huɗu a kankare kofato, a duba tsagewa ko tsakuwa. A goge bayansa tas, domin ƙwayar ƙarangiya ɗaya a ƙarƙashin zubka, wato shimfiɗar da ake ɗora sirdi a kanta, ta isa ta sa lafiyayyen doki tutsu.

Kayan ado na hawan salla a bar su a gida, nauyi ne kawai, idan suka jiƙe kuma sun lalace. Zubka, sirdi, majayi, ragama da linzami sun wadatar. Mahayi da sirdi a haɗe kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin: doki mai kilo 350, kayansa kilo 70 ke nan. A ɗaure majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, yadda yatsu biyu za su shiga da ƙyar, a ja dokin taku ashirin, a sake ɗaurewa, don dawaki da yawa kan kumbura ciki lokacin ɗauri. Tsawon likkafa kuwa, ka ɗora kan yatsunka a inda igiyarta ta kama sirdi, ƙarfen ya kai hammatarka. A bar ragama a ƙarƙashin linzami da igiya mai tsawon mita uku zuwa huɗu, amfaninta yana nan tafe. Silifa ba takalmin hawa ba ne, a sa rufaffe mai dunduniya.

A kan hanya

A hau ta hagu, a yi minti goma na farko da tafiya zalla. Doki yana cin kusan kilomita 6 a awa idan yana tafiya, don haka zagayen kilomita 5 zuwa 8 ya ishi mafari. Sassarfa sai a kan jigawa mai tauri. Sukuwa a bakin tafki kuwa ganganci ne, saboda sawun shanu da ya bushe a laka ramuka ne masu kaifin baki, nan agara ke rauni.

Karanta ƙasa shi ne aikin gaba ɗaya. Hanya mafi aminci ita ce burtali, inda garke ya bi jiya da shekaranjiya. Dubi sawun: idan bai wuce zurfin gaɓar yatsa ba, wuce. Idan ya nutse kamar tsawon tafin hannu, ko ruwa ya taru a cikinsa, kauce. Ciyawa shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa alama ce ta danshi a ƙasa. Baƙar laka mai sheƙi, wadda ba sawun komai sai na tsuntsu, ko kusa. Inda kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta yi duhu ruwa na nan ko da ba a gan shi ba, kuma ganyenta kan ɓoye bakin rami. Ka bar tazarar taku goma tsakaninka da ruwa, sai a mashaya. Gonakin shinkafa da na kayan lambu a zagaye su, kofato yana rusa kunyar ban ruwa, rigimar da za ta biyo baya kuma ta fi ƙarfin kilisa.

Idan doki ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai yana hura hanci a ƙasa, kada a sa masa ƙaimi. Sau da yawa ya ji abin da idonka bai gani ba. Linzamin gargajiya mai zobe yana da zafi a baki, hannu mai nauyi kan sa doki ya ɗaga kai sama, alhali a nan ana so ya ga inda zai taka. Sassauta kamazuru, wato igiyar linzami, ka riƙe shi da yatsu.

Masu tafiya rukuni su jeru ɗaya bayan ɗaya, tsawon doki guda a tsakani, gwani a gaba. Dinya da kirinjijiya kan tashi gaba ɗaya da fuka-fukai kamar tafi, doki ya zabura gefe. Da ka hango garkensu, danna dunduniya ƙasa, zauna daram, yi wa dokin magana. Matse shi da ƙafa don tsoro umarnin gudu ne a wurinsa.

Ƙetare ruwa, da abin yi idan ya kafe

A ƙetare a mashaya ko inda shanu ke ƙetarewa, ruwan kada ya wuce gwiwar doki. Ka kalli gaɓar da za ka fita, kallon ruwa yana sa jiri. Idan ya tsaya a tsakiya ya fara dukan ruwa da ƙafar gaba, shirin kwanciya yake yi, ɗaga kansa ka kora shi gaba nan take.

In ƙafafunsa suka fara nutsewa, zare ƙafarka daga likkafa ka sauka ta ɓangaren da ƙasa ta fi tauri. Kama igiyar ragama, ja da baya iyakar tsawonta, ka tsaya a gefe, domin zai yunƙuro da tsalle. Juya shi ta inda kuka shigo. Kada a ja shi da linzami, yanka masa baki kawai za a yi. Idan ya nutse har ciki, a kwance sirdi, a bar shi ya huta tsakanin yunƙuri, a shimfiɗa kara ko rassa a gabansa, a kira mutane. Igiyar ja ana zagaya ta ne ta ƙirji bayan ƙafafun gaba, da buhu a ƙarƙashinta, ba a wuya ko a ƙafa ba.

Ruwan da ya yi kore fatau da kumfa a sama ba na sha ba ne, gansakukarsa na iya zama guba. Ko a ruwa mai kyau, a duba hanci da baki bayan sha saboda matsattsaku. Shi ma mahayi kada ya shiga ruwan kwance ba takalmin roba, nan ake ɗaukar tsagiya.

Bayan an dawo

Kilomita na ƙarshe a yi shi da tafiya don gumi ya tsane. A sassauta majayi, a jira minti biyar, sannan a sauke sirdi. A wanke laka daga ƙafafu a tsane su da tsumma, musamman lungun da ke bayan kofato, inda danshi kan tsattsaga fata. A kankare ƙasan kofato, in an ji wari ko an ga baƙin ruwa, ruɓa ta fara, a ɗaure shi a busasshen wuri a nemi likitan dabbobi. A laluba kaska a kunne, gindin wutsiya da tsakanin cinyoyi, a duba cizon bobuwa a ciki. Ruwa a ba shi kaɗan-kaɗan, hatsi sai numfashinsa ya koma daidai, wato sau 8 zuwa 16 a minti. Washegari da safe a shafa agarar ƙafafun gaba: zafi ko kumburi na nufin hutu, ba hawa sai ya sauka.