Yadda za ku kai jikoki bakin teku daga Sakkwato

Yaron da ya tashi a Sakkwato, iyakar ruwan da ya sani shi ne Gulbin Rima, sai madatsar Goronyo idan an taɓa kai shi, sai Argungu lokacin su. Duk waɗannan kana tsaye a gaɓa kana hango ƙetare. Ni a ganina ya kamata yaro ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa tun yana ƙarami, kuma kakanni ne suka fi dacewa su kai shi. Iyaye neman abinci ya riƙe su, mu kuwa muna da lokaci, muna da haƙurin amsa tambaya.

A Ingila da Faransa akwai mota mai ɗaki, da gado da murhu da banɗaki a ciki, kuma a bakin tekunsu an tanadar mata filaye masu wuta da ruwan famfo da mai gadi. Mutum ya yi haya, ya kwashi jikoki su yi mako guda. Mu ba mu da irin waɗannan filaye, saboda haka kada wanda ya yi sha'awar kwana da yara cikin mota a bakin ruwa ko gefen titi. Abin da za mu ara wurinsu shi ne mota ta zama gida da rana, dare kuma a kwana gidan 'yan'uwa ko masauki.

Ku yi shatar bas ƙirar Hiace, taku ku kaɗai, kuma kada ku cika ta. Kowane yaro da kujerarsa da bel ɗinsa, layin baya a bar wa kaya. Direba ya zama wanda ya saba hanyar kudu, kuma tun kafin a yanke kuɗi ku gaya masa sharaɗinku: ba tafiyar dare, ba tsere, kuma duk sa'ad da yaro ya ce fitsari za a tsaya. A daidaita maganar mai da abincinsa da makwancinsa tun a gida. Ku tafi da babba guda mai ƙarfi a jika, kawun yaran ko gwaggonsu, domin akwai wurin da ƙafar tsoho ba ta cim ma yaro.

Tafiyar zuwa Legas ta kai wajen kilomita 1,000. Daga Sakkwato sai Bodinga, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, a haye Kogin Kwara a gadar Jebba, sannan Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, Legas, daga nan sai Badagry, garin bakin teku inda za ku sauka. Sabuwar hanyar da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, wadda za ta taso daga Illela ta dire Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, ba a kanta za ku dogara ba tukuna. Direbobin haya suna shanye tafiyar a zama ɗaya, amma da yara ni kwana biyu nake yi a hanya, Kwantagora da Ilori. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin la'asar ta yi sanyi. Ana jibi tafiya ku aika tasha a tambayi direbobin da suka dawo halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro. Idan maganarsu ba ta kwanta muku ba, ku ɗage, ko ku hau jirgi daga filin Sarkin Musulmi Abubakar na III. Hutu bai kai a sa 'ya'yan mutane cikin haɗari ba.

Guzuri ya zama abin da ba ya lalacewa: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, garin kwaki da sukari, soyayyar gyaɗa. Fura da nono a shanye su ranar farko. Ruwan sha ya fi komai yawa, sai buta biyu, darduma, fo na ƙananan, ledoji don mai amai a mota, farasitamol, hoda, garin gishiri da sukari na gudawa, da gidan sauro.

Akwai takarda guda da mutane ke mantawa. Iyayen kowane yaro su rubuta cewa da yardarsu kuka tafi da shi, su sa hannu da lambar waya, ku haɗa da kwafin takardar haihuwa. Badagry na dab da Seme, iyakar Najeriya da ƙasar Benin, shingayen jami'ai suna da yawa, kuma ganin mota cike da yara daga arewa dole su yi tambaya, saboda masu safarar yara. Aikinsu ne, ku amsa cikin mutunci. Kowane yaro kuma a sa masa lambar wayarku cikin aljihu, manyan su haddace ta.

Lokacin da ya fi shi ne rani, hutun Disamba musamman, don ruwan sama ya ɗauke kuma teku ta fi lafawa. Daga Yuni zuwa Satumba igiyar ruwa ta fi ƙarfi. Zafin can ba irin namu ba ne, gumi ba ya bushewa a jiki, ƙurajen zufa ba sa wuyar fita, don haka kaya marasa nauyi na auduga da wanka safe da yamma. Ku je bakin ruwa ranar aiki da sassafe. Asabar da Lahadi cunkoso ne da kiɗa da shaye-shaye da shigar da ba za ku so jikokinku su gani ba.

Yanzu maganar ruwan kansa, kuma ita ce wadda nake roƙon ku riƙe. Iya iyo a Rima ba ya amfani a nan. Igiyar ruwa tana zuwa ta daki gaɓa, sannan ta koma, kuma komawar ce haɗarin. Kana tsaye ruwa iya idon sawu, za ka ji yashi na zamewa ƙarƙashin tafin ƙafarka, dugaduganka na nutsewa. Babba ya kan dafe, yaro ɗan shekara huɗu kuwa sai ya zauna daɓas, igiya ta biyu ta rufe shi. Ruwan da igiyoyi ke turowa gaɓa yakan taru ya koma ta wata siririyar hanya da gudu, kuma wurin ne ya fi kama da natsuwa: ba kumfa, ruwan ya ɗan fi duhu. Wurin da ido ya ce ya fi lafiya, nan ne za a guje wa. Wanda irin wannan ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, ya bi gefe har ya fita, yana ɗaga hannu.

Dokata ita ce ruwa kada ya wuce gwiwar mafi ƙanƙanta, yaro ɗaya babba ɗaya, kuma a wuyan hannu ake riƙe shi, don tafin hannu mai jiƙa santsi gare shi. Sauran su zauna kan tabarma su jira layinsu. Ba a juya wa teku baya, ko don ɗaukar hoto. Tabarmar ma a shimfiɗa ta can sama inda yashi yake busasshe, domin ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, inda kuka ajiye takalma da hantsi yana iya zama ruwa da azahar.

Ku bar su su ɗanɗana. Autar jikokina ta lashi yatsa, ta yamutsa fuska ta tofar, ta ce, "Kaka, wa yaz zuba mishi gishiri?" A nan na koya musu cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira. Alƙibla ba ta da wuya: teku tana kudu, ku sa ta a hannun dama, ku ɗan karkata hagu. Kuna kasaru a hanya, amma idan kun yi niyyar kwana huɗu cikakku a gari ɗaya sai a cika salla.

Na fi son Badagry a kan cikin Legas don akwai abin nuna wa yaro bayan wasa. Akwai benen da 'yan mishan suka gama a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, ko da yake ina gaya wa nawa cewa sorayen ƙasa na Kano da Katsina sun girme shi. Akwai gidan tarihi da sarƙoƙin da aka ɗaure bayi da su. Ana shiga kwalekwale a haye zuwa tsibirin Gberefu, a taka cikin yashi har inda ake loda mutane a jirgi. Kada ku hau sai kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, kuma ƙananan a bar su wannan gefen, tafiyar da nisa. Manyan ku gaya musu gaskiya, cewa cikin waɗanda aka kai Bahia a Brazil har da Hausawa Musulmi, kuma bayi Musulmi ne suka jagoranci boren Salvador, babban birnin Bahia, na 1835. Ku gaya musu kuma daga nan Badagry Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasashe, ya taso a ƙarshen 1825, ya iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826, ya rasu a Sakkwato a 1827. Hanyar da jikokinku suka yi cikin kwana uku, shi watanni ya yi a kanta.

Masu dawakin haya da masu hoto, a yi ciniki kafin yaro ya hau. Kwakwa ɗanya a fasa a gabanku. Da an bar bakin ruwa a yi wa kowa wanka da ruwan daɗi, a ɗauraye kaya, don gishiri da yashi suna sa ƙaiƙayi da gogar cinya. Ranar dawowa kuma ku tsara ta yadda za ku iso Sakkwato saura kwana biyu ko uku a koma makaranta, kuma yaron da ya yi zazzaɓi cikin makonni biyu da dawowa a kai shi gwajin cizon sauro ranar da ya fara.