Yadda za ka shirya wa intabiyu a babban kamfanin fasaha

Da farko, karanta tallan aikin da kyau, ka fitar da abin da suke nema. Kamfanoni irin su Google da Amazon ba sa yanke hukunci a zama ɗaya. Sai ka gana da mutane daban-daban.

Na biyu, kuma nan ne aikin yake: tanadi labarai daga aikinka na baya. A kowane labari ka faɗi halin da aka shiga, abin da aka ɗora maka, matakin da ka ɗauka, da yadda ta kaya. Amazon na da ƙa'idojin jagoranci 16, daga cikinsu ake ciro tambayoyi. Ka rage "mun yi, mun yi". Naka hannun ake son gani.

In an ba ka matsalar rubuta manhaja, kana rubutu kana bayani. Yin tsit ba ya nuna musu yadda kake tunani.

In ta bidiyo ce, gwada kyamara da intanet tun da wuri.

Da an ba ka dama, tambayi kwana nawa ake zuwa ofis a mako, da ko ana taso ma'aikaci cikin dare in manhaja ta tsaya.