Kurakuran da masu gyaran tsohon karaban ke ta maimaitawa

Cikin wata biyun nan mutum uku suka same ni har gida a Bunkure, kowa da hoto a waya. Ya samo tsohon karaban, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, ko a hannun 'yan gwangwan ko cikin tarkacen da masu aikin titi suka bari da suka tashi. Tambayar dukkansu ɗaya ce: wane fenti zan saya? Na gaji da maimaita magana ɗaya a ƙofar gida, shi ya sa na zauna na rubuta.

Nawa ya shekara shida a hannuna. A ciki nake kwana idan na je ban-ruwan alkama wajen Auyo, idan kuma an yi hutun makaranta na kan kwashi yara mu je bakin dam ɗin Tiga, ko Baturiya lokacin sanyi su ga tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Ni manomi ne, ba injiniya ba. Abin da na sani, aljihuna ne ya biya kuɗin karatunsa.

Babban kuskure shi ne fara kwalliya kafin a nemi inda ruwa ke shiga. Mutane na ɗauka jikin karaban irin na mota ne. Ba haka yake ba. Fatar waje alminiyam ce siririya, ta ciki filawud, tsakaninsu farin soso da 'yan sandunan katako da kaurinsu bai fi yatsa biyu ba. Waɗannan sandunan su ne ƙashinsa. An ƙera shi ne a Ingila ko Jamus ko Holan don yanayin can, sai ya zo nan ya kwashe shekaru yana shan ranar Afrilu, gam ɗin da ke bakin rufi da robar taga suka bushe suka tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan ba zuba yake yi ka gan shi ba, tsatsafowa yake cikin bango, ya bi katako ya sauka ƙasa, kai kana can kana zaɓen labule.

Haka na yi. Da bazara na feshe shi da fenti, na shimfiɗa sabuwar leda, uwargida ta ɗinka labule, aka yanka katifa daidai gado. Unguwa ta zo kallo. Damina ta faɗi na ajiye shi bayan gida a kan tsurar ƙasa, na tokare ƙafafunsa huɗu da guntayen itace, na rufe na koma shinkafata. Ruwan Agusta ya yi abin da ya saba. Ranar da na buɗe bayan kaka, warin ruɓa ne ya fara yi mini maraba, na taka bakin ƙofa ƙafata ta nutse har idon sawu. Abin da ruwa ya jiƙa, gara ta hau ta guntayen itacen nan ta ƙarasa shi. Da kafinta ya ɓare filawud ɗin gefe, katakon da hannu yake ɗebo shi kamar garin kwaki. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai gawa ka yi wa kwalliya." Ban ce masa komai ba, don gaskiyarsa ce. Sai da muka fitar da duk abin da na sa, ledar da labulen da gadon, aka sake ƙasa da kusurwa biyu, kuɗin da ya tafi ya kai na buhun shanshera goma sha.

Yanzu in zan duba karaban, sukudireba nake riƙewa, ba waya ba. Ina danna ta a kowace kusurwa, ƙarƙashin taga, bakin ƙofa, cikin kabad na sama inda bango ya haɗu da rufi, sannan in kwanta a ƙasa in soki falankin daga ƙarƙashi. Lafiyayyen katako ba ya karɓar ta. Inda ka ga tabo kalar ruwan shayi, ko bango ya kumbura, kada ka yaudari kanka, ɓare shi ka gani. Bayan haka ka zauna ciki ka sa yaro ya hau tsani da tiyo yana zuba ruwa a hankali, gefe ɗaya bayan ɗaya. Kada ya taka rufin sai an ɗora falanki, ba a yi shi don ɗaukar mutum ba.

Wajen toshewa kuma ake gyaran gangar Auzinawa. Wani ya lafta silikon ɗin banɗaki a kan tsohon gam, wata biyu ya ɓaɓɓako, kuma duk inda ya taɓa wani gam ba ya ƙara kamawa sai an kankare. Wani ya narka kwalta ya kwarara, zafi ya zo ta dalalo ta bango. Ni kankare tsohon nake yi tas, in goge da sifirit, in sa baƙin gam ɗin da masu ɗora gilashin mota ke aiki da shi. Sabon katakon da zai zauna a ƙarƙashi kuwa na kan shafe shi da baƙin mai. Akwai masu cewa yana wari, kuma ba ƙarya suka yi ba, shi ya sa ba na kai shi ciki. Ajiya kuma a kan kankare ko dutse, ƙarƙashin rumfa, kowace Juma'a in leƙa ko gara ta fara gina hanyarta.

Kuskure na biyu shi ne nauyi, kuma wannan ya kusa cin raina, ba kuɗina kaɗai ba. Da na ga yadda katako ya ci amanata, sai na ce wannan karon zan yi mai ƙwari. Na je Na'ibawa na ɗebo falankai masu kauri, na sa tayil a ƙasa, mai walda ya haɗa mini gadon ƙarfe, na kafa duro na lita 200 a can ƙarshen baya, na kuma sa aka yi wa janareto mazauni a bayan bodi daga waje. Ban tsaya na yi lissafin cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce ba. Duron nan shi kaɗai buhu biyu ne na masara.

Mun wuce Wudil, ni da ƙanin uwargida, hanya ta ɗan gangara, wata tirela ta zo ta wuce mu. Iskarta na bugun karaban sai ya fara kaɗa gindi, dama, hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ya zama shi ke tuƙa motar ba ni ba. Na yi abin da bai kamata ba, na danne birki da ƙarfi. Allah ya sa babu mota a ɗaya hannun. Muka tsinci kanmu a gonar wani, taya ɗaya ta fashe, ƙarfen da ke riƙe tayoyin ya lanƙwashe, tayil ɗin da na yi alfahari da shi ya zama tsakuwa. Yaron nan bai daina salati ba har muka samu mai janwe.

Abin haushin, duk wanda ya taɓa loda amalanken shanu ya san wannan ilmin. Ka jibge kaya a baya, gaba ya ɗaga, shanu su rasa yadda za su yi. Karaban mai taya biyu haka yake, sikeli ne. Kaya masu nauyi a ƙasa suke zama, daidai saman taya ko ɗan gaba kaɗan, ba a wutsiya ba, ba a kabad na sama ba. Dole hancinsa ya danne ƙugiyar mota. Nawa ƙarami ne, ina barin kilo 60 zuwa 70 a hancin, kuma da sikelin awo da guntun katako nake gwadawa kafin kowace doguwar tafiya. Akwai ɗan farantin ƙarfe kusa da ƙofa ko a jikin shasi da aka rubuta iyakar nauyin da aka yarda ya kai. Karanta shi. A ƙananan nan, abin da aka bar maka na kaya sau da yawa bai wuce kilo 150 zuwa 200 ba, kai kuma ka cinye shi da tayil tun ba ka sa tukunya ba. Ruwa yanzu jarka biyu nake ɗauka ta lita 25, cikin but ɗin mota, sauran in ɗiba a can. In ya fara kaɗawa, ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, bar shi ya lafa da kansa. Ni dai ba na wuce 70 da shi, ko wa zai yi mini hon.

Ƙugiyar ma a kula. Ƙwallon ƙarfen da ke kan ƙugiyar, na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2, a ido kamar ɗaya, amma ba sa zama daidai a bakin juna. Wanda ya sa mai walda ya lanƙwasa masa rodi ya ce ƙugiya ce, ya tausaya wa masu babur da ke bin bayansa. A ɗaura sarƙa ta biyu ko da wancan ya kuɓuce.

Yanzu bari in yi faɗa. Kai da ka kai wa karaban kurfoti cikin hunturu, ka toshe kowace kafa da tsumma don kada iska ta shigo, me kake nema? Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da kala, barci kawai za ka ji yana daɗi. Kowace shekara muna jin labarin waɗanda aka buɗe wa ɗaki da safe, ɗakin ƙasa ma mai faɗi, balle wannan akwati. Hayaƙin janareto ma ita yake ɗauke da ita, don haka can nesa, inda iska ba ta kaɗo shi taga. 'Yan ramukan da ka gani a ƙasan karaban da gangan aka yi su, gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, ta nan zai fita. Sa musu raga saboda ɓera da kunama, amma kada ka liƙe. Tukunyar gas a akwatinta na gaba take zama, a tsaye, tiyon a canza shi ko da ya yi kyau a ido, a gwada mahaɗa da ruwan sabulu. Na ga mai gwadawa da ashana da idona. Ni girki ma a waje nake yi, shayin asuba kaɗai ke hawa wuta a ciki, shi ma taga a buɗe.

Wutar lantarki kuma, masu wayarin na gida su ke ɓata ta. Abin da ke cin wat 60 a bolt 12 yana jan amfiya 5, sai a ja masa siririyar wayar da ta dace da ƙwan ɗaki, ta yi zafi a cikin bangon soso da katako. Waya mai kauri, fis dab da kan batir, shi ke nan. Batirin tayar da mota ba na kwana da fanka ba ne, wata kaɗan zai mutu. Na sola ma, irin mai ruwa, in kana shanye fiye da rabinsa kullum ba zai yi ƙarko ba, don haka mai lamba 100 ka ɗauke shi a mai 50. Kada a haɗa faifan sola da batir kai tsaye ba na'urar daidaita caji. Ni ban huda rufina don faifai ba, bayan wahalar da na sha da ruwa, jingine shi nake a ƙasa da doguwar waya, karaban na inuwa faifai na rana, in goge masa ƙurar hunturu kowace safiya.

Taya kuwa shekarunta ake dubawa, ba zanenta ba. Akwai lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Tayar karaban a tsaye take tsufa, in ta haura shekara biyar ni na sallame ta. A buɗe boris a wanke a sa sabon giris. A gwada birkinsa, yawanci ya daskare da tsatsa. Fitilun baya su kama tare da na mota. Kada a kai wutar walda kusa da bodi sai da bokitin ruwa a gefe, soson nan kamar fetur yake ci. Rufi fari, duk yadda shuɗi ya burge ka. Raga a kowace taga, don sauron fadamar Haɗeja ba ya karɓar uzuri.

Cikinsa kusa da ƙasa yake, don titin Turai aka yi shi, saboda haka hanyar da amalanke ta haƙa tsakiyarta ta yi tudu, sauka ka taka da ƙafa tukuna. Yashin wajen Gumel da Maigatari yana riƙe shi, taɓon fadama ma haka, kuma daga Agusta zuwa Satumba ba na kai shi ko'ina kusa da kogin Haɗeja. Inuwa, da rani gawo na fi so, shi ke da ganye lokacin da kuka ta tuɓe, sai dai a share ƙaya kafin a shiga da taya. Giginya kuwa ka ba ta nisa, ɗanta ɗaya ya faɗo kan rufin alminiyam ka koma neman gam. Kada a kafa a kan burtali. Kuma kafin ka kwance ƙugiya, je ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka faɗi ko kai wane ne da kwana nawa za ka yi, rasit ɗin sayen karaban na aljihunka. A zamanin nan baƙon farin akwati a bayan gari ba abin da mutane za su kwana da shi cikin natsuwa ba ne, gaisuwar minti goma kuma ta kan jawo maka har ƙwaryar fura.

Na ukun cikin mutanen nan da suka zo, matashi ne daga Garun Malam, har ya riga ya sayi fentinsa galan biyu. Na ara masa sukudirebata na ce ya je ya dawo. Shekaranjiya bayan la'asar ya kira, murya a sanyaye. "Baba, a kusurwar baya ta shige har mariƙi." Na ce ya adana fentin a inuwa, Asabar zan zo da kafinta.