Masu buga Witcher 3, ku daina tsallake hira

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya wani ƙanena a nan Gusau ya zo ransa a ɓace, wai ya gama wasan bidiyo na The Witcher 3 amma Ciri, 'yar riƙon jarumin wasan, ba ta dawo ba, don haka labarin bai yi ba. Da na tsananta tambaya, ashe duk hirar tsallake ta yake yi don ya kai wurin faɗa.

Wasan nan na 2015 ƙarshe uku gare shi game da Ciri, kuma ƙananan abubuwan da kuke zaɓa a cikin hira ne ke yanke hukuncin ko za ta dawo. Idan tana cikin baƙin ciki a sansanin Kaer Morhen, ku yi wasan jifan ƙanƙara da ita, kada ku ja ta shan giya. Idan ta nemi zuwa kabarin Skjall, matashin da ya taɓa taimaka mata, ku raka ta. Ni dai a wurin kabarin nan sai da jikina ya yi sanyi. Idan matsafa mata suka kira ta, ku bar ta ta shiga ita kaɗai.

Sannan ku adana wasan da hannunku, a gurbi na daban, kafin ku tafi tsibirin Isle of Mists, don daga nan wasu ayyukan gefe ke rufewa. Da yadda ake ɗauke mana wuta, ku riƙa adanawa duk rabin awa.