Yadda ake magance rikicewar bugu a na'urar ɗaga wuta mai UC3843

Idan aka kawo maka na'urar ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa 30 a shagonka na Panteka, tana tsuwa, koil ɗinta na zafi, amma babu abin da ya ƙone, kada ka yi saurin cire MOSFET, wato transiston da ke kunna wutar koil yana kashewa.

Fara da lissafi. Kason lokacin da MOSFET ke kunne a kowane zagaye shi ne 1 − 12/30, wato 0.6. UC3843, wato IC ɗin da ke sarrafa MOSFET, tana kashe shi ne da zarar wutar da ke bi ta koil ta kai iyakar da aka sa. Duk ɗan kuskuren da ya shiga zagaye ɗaya yana komawa na gaba a juye, ya ninku da 0.6/0.4, wato sau 1.5. In kason bai kai rabi ba, kuskuren na mutuwa da kansa. In ya wuce rabi, sai ya yi ta girma. Shi ya sa da daddare, in an ɗauke wuta batir ya sauka zuwa bolt 11, kason ya ƙaru, tsuwar ke ƙaruwa.

Sai ka ɗora osiloskop, na'urar da ke nuna siffar wuta a allo, a ƙafa ta 6 ta UC3843, inda bugun da ke kunna MOSFET ke fita, da lodi a jone, domin in lodin ya yi kaɗan matsalar ba ta fitowa. Za ka ga bugu mai faɗi, sai siriri, suna karɓa-karɓa. Rage wutar shiga kaɗan-kaɗan: tsarin na iya komawa na bugu huɗu, daga nan ya watse, babu zagayen da ya yi kama da wani. Na'ura mai gudu a kilohaz 50, tsarin bugu biyu na maimaituwa a rabinsa, wato 25, kunne ba ya ji. Sai ya faɗo 12.5, a tsarin bugu huɗu, tsuwa ke fitowa.

Maganin shi ne ƙarin gangare, wato ƙara 'yar wuta mai hauhawa a ƙafa ta 3, inda UC3843 ke auna wutar koil. Ɗauko zigizagin ƙafa ta 4, wato wutar da ke hawa tana sauka a kowane zagaye, ta ƙaramin transisto NPN: bes a ƙafa ta 4, kolekta a ƙafa ta 8, emita ta resisto zuwa ƙafa ta 3. Kada ka jona resiston kai tsaye da ƙafa ta 4, zai canza saurin bugun.

Dole gangaren ya kai aƙalla rabin saurin saukar wutar koil. Da koil mai mikrohenri 100 da resiston auna wuta na om 0.1, da bambancin bolt 18 tsakanin 30 da 12, saukar milibolt 18 ce a kowace mikrosakan, don haka kana buƙatar 9 a ƙafa ta 3. In ka zuba da yawa, iyakar wutar za ta ragu, na'urar ta kasa ɗaukar cikakken lodi. Gwada ta a mafi ƙanƙancin wutar batir kafin ka rufe akwatin.