Yadda za mu sa maganin hutun haihuwa ya iso ƙauye, ba cikin birnin Maradi kaɗai ba

Ƴan uwa na kwamitin kula da likita, wato COGES, da ku shugabannin Mata Masu Dubara, wanga zance naku ne. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce maganin tsarin iyali kyauta ne a likitocin gwamnati, haka ma maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da fiɗar haihuwa. Doka kam tana nan. Amma mace ta taso daga wani ƙauye can bayan Dakoro ko Mayahi bisa amalanke ta sha rana ta iso a ce mata allura ta ƙare, ta koma gida ba ta sake samun fita ba sai ga kwanika, na goye ya rame ita ma jini ya yi ƙasa, wallahi abin da ciwo.

To ku fara da ɗakin magani. Ƙarshen kowane wata ku zauna da majo, wato shugaban likitar gwamnati ta yankinku da ake kira CSI, ku duba rajista tare, ƙwaya nawa ta rage, allura nawa, ashanar da ake sa wa mace ƙarƙashin fatar hannu nawa, a aika buƙata distirik, wato ofishin lafiya na gunduma, tun kaya ba su ƙare ba, kuma ku aje kwafi hannunku. Sannan a sanar cewa kyauta ne, a liƙa a ƙofa da boko da ajami, sanƙira ya faɗa ranar kasuwa, rediyon gari ma ta faɗa. In an nemi kuɗi, ku ce a ba ku rasi.

Nisa kuma maganinsa a kai abin kusa. Allurar Sayana Press ta shigo Nijar a 2014, ƴar ƙarama ce ƙarƙashin fata ake yinta, tana riƙe wata 3, ma'aikacin ƙaramar likitar ƙauye in an horar da shi yana yi. Ashana mai shekara 3 ko 5 ita sai ƙwararre, don haka ku nemi a sa ranar da ungozoma za ta riƙa fitowa ƙauyuka.

Sai sutura, nan ne ake yawan sakaci. In akwai benci daban na masu planin, wato tsarin iyali, a tsakar fili, kishiya na gani uwar miji na gani, mata ba za su zo ba ko kyauta ne. Ku haɗa shi da ranar awon jarirai da rigakafi, ƙofa ɗaya, a sa labule, kati ya zauna likita in ita ta so haka. Kuma a gaya mata gaskiya cewa al'ada na iya rikicewa, in ta ce a cire ashana a cire mata ba gardama, zaɓi nata ne.

Maza fa kar a bar su baya, makarantar mazaje da aka faro a Zinder, inda magidanta ke wayar da kan junansu kan lafiyar mata, ta nuna mai gida ya fi jin ta bakin ɗan uwansa. Ku gayyato liman, shi ma ya san shayarwa shekara 2 ce, hukumar lafiya ta duniya ma wata 24 ta ce a huta kafin wani ciki.

Kuma ku riƙa duba su wa ba sa zuwa, amare ƙanana, guragu, matan makiyaya na wajen Bermo. Ku rubuta ƙauyukansu ku kai ma mai riƙe da kwamin ɗinku kafin a tsara kasafin kuɗin kwamin, ku nemi a sa kuɗin esansin babur na fita ƙauye a ciki.